Sharhi kan hidimar All-22: na auna ta da jifan Seattle a Super Bowl na 49

Na shafe shekaru ina biyan kuɗin kallon hotunan da hukumar ƙwallon ƙafar Amurka ta NFL ke kira All-22, kuma ma'aunin da nake auna amfaninsu da shi guda ɗaya ne: shin suna taimaka wa mai kallo ya yi wa koci adalci a kan shawarar da ya yanke a ƙarshen wasa, a lokacin da agogo ke ƙurewa kuma babu damar dogon tunani? Domin amsa wannan tambaya na ɗauki shawarar da ta fi kowace jawo ce-ce-ku-ce a wannan zamani, wato jifan da ƙungiyar Seattle Seahawks ta yi daga yadi 1 kafin layin ci a wasan Super Bowl na 49, wasan ƙarshe na gasar, ranar 1 ga Fabrairun 2015, a garin Glendale na jihar Arizona, inda New England Patriots ta yi nasara da maki 28 da 24. Na kalli wannan jifa sau da yawa kamar yadda tashar NBC ta nuna wa duniya, na kuma kalle shi ta fuskar All-22, kuma abin da na tsaya a kai bayan kallo na biyu ya sha bamban da wanda na kwana da shi a daren wasan.

Sunan hidimar ya fito ne daga adadin 'yan wasan da ke fili, 11 a kowane ɓangare, domin manufarta ita ce a ga dukkan su 22 a lokaci guda. Kowane yunƙuri ana nuna shi sau biyu. Na farko daga kyamarar da ke can sama a gefen fili, wadda ke buɗe faɗin wasa har ta haɗa da masu tsaron baya da kyamarar talabijin kan bari a waje. Na biyu daga kyamarar da ke ƙarshen fili, wadda ke kallon 'yan wasa ta baya ko ta gaba, ta yadda za a ga ratar da ke tsakanin manyan mutanen da ke kan layi da hanyar da mai jifa ke hangowa. Waɗannan su ne hotunan da kociyoyi ke nazari da su tun da daɗewa, kuma hukumar ta riƙe su ba ta sayar wa jama'a ba sai a shekarar 2012, lokacin da ta saka su cikin tsarin Game Rewind. Daga baya suka koma ƙarƙashin Game Pass, sannan a Amurka suka shiga NFL+ wanda aka buɗe a 2022, a matakinsa na sama da ake kira Premium. A kakar 2023 kuɗin wannan mataki dala 14.99 ne a wata, ko dala 99.99 a shekara.

Ga halin da ake ciki a wancan dare, domin wanda bai san shi ba ba zai gane abin da ake jayayya a kai ba. Seattle, wadda ta lallasa Denver da maki 43 da 8 a Super Bowl na shekarar da ta gabata, ta shiga zango na huɗu tana gaba da maki 24 da 14. Tom Brady, mai jifan New England, ya jefa wa Danny Amendola tacdawun guda, wato ƙwallon da aka kai yankin ci, sannan ya jefa wa Julian Edelman wani saura minti 2 da sakan 2, New England ta wuce gaba da maki 4. Ratar maki 4 tana nufin bugun maki uku ba zai amfani Seattle da komai ba, dole sai ta kai ƙwallo yankin ci. Russell Wilson, mai jifan Seattle, ya fara da jefa wa Marshawn Lynch, babban mai gudu da ƙwallo na ƙungiyar, ƙwallon da ta ci yadi 31, ya samu Ricardo Lockette da yadi 11 a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi 10, sannan Jermaine Kearse ya yi cafiyar nan ta ban mamaki yana kwance a ƙasa, ƙwallon tana ta tsalle a kan ƙafafunsa da hannayensa, yadi 33, har zuwa yadi 5, saura minti 1 da sakan 6. A kan hanyar Seattle ta ƙona biyu daga cikin hutun tsayar da agogo guda uku da take da su. Aka miƙa wa Lynch ƙwallo ya ci yadi 4, aka kayar da shi a yadi 1. Bill Belichick, kocin New England, yana da hutu biyu a hannunsa amma bai nemi ko ɗaya ba, agogo ya ci gaba da tafiya, kuma sai da ya rage sakan 26 Seattle ta fara yunƙuri na biyu. Wilson ya jefa wa Lockette, Malcolm Butler, mai tsaron New England, ya riga shi cafewa, wasa ya ƙare a zahiri.

Hukuncin da duniya ta yanke ya fito kafin Butler ya tashi daga ƙasa. Cris Collinsworth, wanda ke sharhi tare da Al Michaels, ya faɗa a take cewa ya kasa yarda da wannan zaɓi alhali Lynch na tsaye a bayan layi. Emmitt Smith, wanda ya fi kowa yawan yadin gudu a tarihin gasar, ya rubuta cewa bai taɓa ganin zaɓi mafi muni ba a tarihin wasan. Mutane fiye da miliyan 114 ne suka kalli wasan a Amurka, kuma kusan kowa ya tashi da tambaya ɗaya, wato me ya hana a ba Lynch. Tambayar tana da ƙarfi, domin mutumin ya riga ya ci yadi 102 a ɗauka 24 a wannan dare, ya kuma gama kakar da yadi 1,306 da tacdawun 13 na gudu. Ni ma da ita na kwana, kuma ban ga laifin wanda ya yi ta ba, saboda hoton da aka nuna mana yana bin ƙwallo ne, ya nuna Lynch da farko, ya nuna Butler a ƙarshe, abin da ke tsakani kuwa ya wuce cikin ƙiftawar ido.

Amfani na farko da na samu daga All-22 shi ne damar ƙirga. Idan aka tsayar da hoton gefe kafin a ɗaga ƙwallo, za a ga Seattle ta shigo da masu cafiya uku, wato Kearse da Lockette da Doug Baldwin, da mutum guda a gefen layi mai iya tarewa da cafiya, Luke Willson, sai Lynch kusa da Wilson. New England kuwa ta shigo da manyan mutanenta na tsaron bakin layi, ta haɗa da masu tsaron gefe uku, Darrelle Revis da Brandon Browner da Butler, kowanne ya ɗauki mai cafiya ɗaya. Idan aka cire 3 daga 11, mutum 8 suka rage domin tare gudu, Seattle kuwa masu tare wa Lynch hanya 6 ne kawai, biyar na layi da Willson. Wannan lissafi ne da ɗan makaranta zai iya, amma a hoton talabijin ban taɓa samun sukunin yin sa ba, domin kyamara tana zuƙowa kusa kuma jikkuna suna rufe juna. Da na gan shi a sarari sai na fahimci abin da Pete Carroll, kocin Seattle, ke nufi bayan wasa, da ya ce zubin da abokan hamayya suka fito da shi bai dace a yi masa gudu ba. Sai dai hoton nan guda ya nuna mini wani abu da bayanin Carroll bai ɗauke ba: Seattle ce da kanta ta zaɓi shigo da masu cafiya uku, don haka ƙarancin masu tarewa ba daga sama ya faɗo mata ba.

Amfani na biyu ya fi na farko girma, kuma shi ne ya sa na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A hannun daman Wilson, Kearse da Lockette sun tsaya ɗaya a gaba ɗaya a baya. Dabarar ita ce Kearse ya kutsa gaba, ya tura mai tsaronsa ko ya zama shinge a hanyar Butler, shi kuma Lockette ya yanko ciki ta ƙarƙashinsa ya karɓi ƙwallo a kan layin ci. Idan aka tilasta wa Butler zagaye shingen, ko da taku ɗaya ne, ƙwallon ta riga shi isa. A hoton ƙarshen fili ana ganin abin da ya rushe wannan shiri dalla-dalla. Browner, mutum mai tsawon ƙafa 6 da inci 4, wanda ya buga wa Seattle wasa daga 2011 zuwa 2013 kuma ya san irin wannan zubi tun a filin atisayensu, ya damƙe Kearse a kan layi ya hana shi motsi. Shingen bai tsayu ba, hanya ta buɗe wa Butler fetal, shi kuma bai jira ƙwallo ta bar hannun Wilson ba, yana ganin Lockette ya dasa ƙafa domin juyawa sai ya zabura. Na maimaita wannan wuri fiye da kowane, kuma duk lokacin da na maimaita sai na ƙara yarda cewa rabin wannan cafiya ta Browner ce, ko da yake sunansa ba ya cikin abin da yawancin mutane ke tunawa. NBC ma ta nuna wannan a maimaici, kuma ya kamata a faɗi haka, amma akwai bambanci tsakanin a nuna maka abu sau biyu ana magana a kansa, da kai ka riƙe shi a hannunka kana mai da shi baya kana sauya mutumin da kake bi da ido.

Akwai kuma lokacin da ya kamata kowane mai sukar Wilson ya tsayar da hoton ya duba, wato daidai lokacin da ya ja hannu zai saki ƙwallo. A wannan ƙiftawa Lockette a buɗe yake, tsakaninsa da layin ci babu kowa, Butler kuma yana can gefe da 'yar tazara. Mai jifa da aka koya wa cewa idan ya ga wannan hoto ya saki, zai saki. Abin da za a iya kama Wilson da shi shi ne inda ya ajiye ƙwallon, domin ta tafi sama kaɗan kuma gaba da Lockette, wato daidai inda Butler ke nufowa. Da ta sauka ƙasa, a kan cikin Lockette ko kwatangwalonsa, mafi munin abin da zai faru shi ne ta faɗi ƙasa agogo ya tsaya. Darrell Bevell, wanda ke tsara harin Seattle kuma ya kira dabarar, ya ce bayan wasa Lockette zai iya nuna ƙarfi fiye da haka wajen zuwa ga ƙwallon, maganar da ta jawo masa suka saboda an ga kamar yana ɗora wa ƙaramin ɗan wasa nauyin da ke kansa. A hoton ana ganin Butler ya bangaje Lockette da kafaɗa ya wuce da ƙwallo, don haka maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai tana komawa kan mai faɗinta, domin shi ne ya zaɓi a nufi Lockette.

A nan ne ra'ayina ya tsaya. Yin jifa a wannan yunƙuri shawara ce da ke da hujja, amma wannan jifa na musamman zaɓi ne mai rauni. Hujjar jifa tana cikin agogo. Saura sakan 26, hutu ɗaya, yunƙuri uku. Idan aka yi gudu a na biyu aka kasa, dole a ƙona hutun, sannan a na uku kusan dole a yi jifa, domin gudun da ya kasa zai iya cinye sauran lokaci, kuma masu tsaro sun san haka. Idan kuwa aka yi jifa a na biyu ƙwallo ta faɗi, agogo ya tsaya kyauta, hutu yana nan, kuma a na uku da na huɗu Seattle tana da 'yancin yin gudu ko jifa yadda ta ga dama. Duk wanda ke son ya yi amfani da yunƙurin uku gaba ɗaya, sai ya saka jifa aƙalla guda a cikinsu, kuma na biyu ne lokacin da abokan hamayya suka fi tsammanin gudu. Alƙaluman kakar ma ba su goyi bayan masu cewa gudu tabbas ne ba, domin a 2014 an ba Lynch ƙwallo sau 5 daga yadi 1, sau ɗaya kacal ya shiga, sannan a duk gasar an yi jifa 108 daga yadi 1 kafin wannan ba tare da an cafke ko ɗaya ba. Ɗauka 5 ba ta isa a gina hukunci a kanta ba, na amince, amma ta isa ta rushe da'awar cewa ba Lynch ƙwallo daidai yake da cin kofi.

Raunin zaɓin kuwa All-22 ne ya fito mini da shi. An tura ƙwallo tsakiyar fili, inda jikkuna suka fi cunkushewa, inda ko taɓa ta da yatsa aka yi za ta iya tashi sama ta faɗa hannun wani. An ɗora nasarar dabarar a kan Kearse ya rinjayi Browner da ƙarfin jiki, alhali Browner ne mafi girma da ƙarfi a cikin masu tsaron gefen New England. An nufi Lockette, wanda ya cafe ƙwallo 11 kacal a duk kakar kuma an fi saninsa da gudu da aikin rukunin bugu, aka bar Baldwin, aka kuma bar Chris Matthews a benci, mutum mai tsawon ƙafa 6 da inci 5 da ya riga ya ci yadi 109 a wannan dare. Abin da ya fi damuna shi ne an tsayar da Wilson wuri guda kamar wanda ba shi da ƙafa, alhali ya ci yadi 849 da gudu a wannan kaka. Da an yi kamar za a ba Lynch sannan Wilson ya zagaya gefe, da yana da zaɓi uku a hannunsa, ya jefa, ya ruga da kansa, ko ya wurgar da ƙwallo waje idan hanya ta toshe, kuma agogo zai tsaya kamar yadda Carroll ke so. Dabarar da aka kira ba ta da mafita irin wannan, domin ƙwallon tana barin hannu ne kafin mai jifa ya samu damar sake tunani.

Ya kamata kuma a tuna cewa irin wannan ƙarfin hali ne ya kawo Seattle wannan matsayi. A ƙarshen rabin farko, saura sakan 6, Carroll ya ƙi karɓar maki uku da ke hannu, ya sa Wilson ya jefa wa Matthews tacdawun daga yadi 11, aka tafi hutu 14 da 14. Da wannan jifa ya lalace, da shi ma an yi masa ca. Ban ji wanda ya soke shi ba, saboda ya yi nasara, kuma wannan ya sa nake ganin mai kallo yana buƙatar abin da zai raba masa ingancin shawara da sakamakonta. All-22 yana yin wannan aiki gwargwadon abin da ido zai iya gani.

Iyakarsa kuwa tana farawa ne daga abin da ido ba ya gani, kuma a wannan wasa abin da ba a gani yana da yawa. Hotunan an yanke su ne yunƙuri bayan yunƙuri, don haka kusan sakan 40 ɗin nan da suka wuce tsakanin faɗuwar Lynch da jifan Wilson ba sa ciki, alhali a cikinsu ne aka yi ainihin wasan ƙwaƙwalwa. Ba za ka ga Belichick yana kallon benci na ɗaya ɓangaren yana riƙe da hutunsa ba, shi da shekara uku kafin nan, a Super Bowl na 46, ya bar New York Giants ta shiga yankin ci da gangan domin Brady ya samu lokaci. Ba za ka ji Brian Flores, ɗaya daga cikin mataimakan Belichick, yana ƙwala wa Butler kira ya shiga fili ba. Ba za ka ga yadda Seattle ta bar agogo ya zuba da kanta ba, saboda tsoron kada ta ci da wuri ta bar wa Brady lokacin da zai nemi maki ukun da za su daidaita wasa, wanda kuma shi ne ya jefa ta cikin ƙuncin da ya tilasta jifa. Haka nan ba za ka san cewa New England ta gwada wannan dabara a atisaye ba, inda Jimmy Garoppolo ya jefa wa Josh Boyce aka ci Butler saboda ya zagaye shinge, Belichick ya gyara masa. Wannan labari daga baya ƙungiyar ta fito da shi tare da hoton atisayen. Wanda ya dogara da All-22 kaɗai zai ɗauka cewa sabon ɗan wasa daga jami'ar West Alabama, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a zaɓen sababbin 'yan wasa kuma bai taɓa cafke ƙwallo a gasar ba sai ranar, ya yi caca ne ta faɗa masa daidai. Gaskiyar ita ce an koya masa, ya kuma riƙe.

Akwai ma irin jayayyar da hidimar ba ta da abin cewa a kanta ko kaɗan. A watan Nuwamban 2009, a Indianapolis, Belichick yana gaba da maki 34 da 28, saura minti 2 da 'yan sakanni, ya ƙi yin bugun da ke miƙa wa abokan hamayya ƙwallo daga yadi 28 na ɓangarensa, ya nemi yadi 2 a yunƙuri na huɗu, Kevin Faulk ya gaza da ƙiris, Peyton Manning ya samu Reggie Wayne, Indianapolis Colts ta ci 35 da 34. A watan Janairun 2021, a wasan ƙarshe na rukunin NFC, Matt LaFleur, kocin Green Bay, yana baya da maki 8, a yadi 8, ya zaɓi bugun maki uku, ƙwallo ba ta sake dawowa hannun mai jifansa Aaron Rodgers ba, Tampa Bay ta ci 31 da 26. Waɗannan shawarwari ne na lissafin yiwuwa: nawa ne damar cin yadin da ake nema, nawa ne damar hana abokin hamayya idan aka miƙa masa ƙwallo. Kyamara ko daga ina aka kafa ta ba za ta amsa wannan ba, sai dai alƙaluman wasanni masu yawa. Don haka wanda muhawararsa ta fi karkata ga ko a buga ko a nema, kuɗinsa zai fi amfani a wurin masu tara alƙaluma. All-22 na wanda ke tambayar wace dabara aka kira, a kan wane zubi, kuma wa ya yi aikinsa wa ya gaza.

Ta fuskar amfani na yau da kullum akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya. Hotunan babu sauti, babu mai sharhi, babu layin nan mai launin rawaya da talabijin ke zanawa domin nuna inda ake nema. A hoton gefe 'yan wasa ƙanana ne, lambobin rigunansu sukan yi wuyar karantuwa, kuma a allon waya abin yana ƙara tsananta, don haka babban allo ko kwamfuta ya fi dacewa. Ba sa fitowa da zarar an tashi wasa, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin da yawancin mutane sun riga sun yanke hukunci sun wuce, kuma wannan jinkiri yana rage tasirinsu a kan muhawarar da aka fi buƙatarsu a cikinta. Mafi muhimmanci, hoton ba ya gaya maka aikin da aka ba kowane ɗan wasa. Kana iya ganin mutum ya tsaya babu wanda yake tsaro ka ce ya yi sakaci, alhali wurin aka ce ya riƙe. Wannan ne dalilin da ya sa wasu mutanen gasar suka yi adawa da sakin hotunan tun farko, suna tsoron kada kowa ya zama alƙali da rabin sani, kuma tsoron nasu yana da tushe. Na ga masu sharhi suna tsayar da hoto a kan mutum da ya buɗe bayan ƙwallo ta riga ta tafi, suna cewa ga wanda ya kamata a jefa wa. Irin wannan ake yi da Lynch a wasan da muke magana, domin ya fita hagu, kuma wasu suna nuna shi a matsayin amsar da aka bari. Dabarar an gina ta ne a kan sakin ƙwallo nan take zuwa dama, Wilson bai da lokacin waiwayar hagu, kuma duk wanda ya ɗora masa wannan laifi ya yi amfani da kayan aiki mai kyau ta hanyar da ba ta dace ba.

Ga wanda ke kallon wasa domin nishaɗi da ihun 'yan kallo, ban ba shi shawarar ya biya kuɗi saboda All-22 kawai ba, domin zai gaji da shi cikin mako guda. Ga mai horar da yara, da mai rubutu, da duk wanda ke shiga jayayya a kan zaɓin koci kuma yana son maganarsa ta tsaya da ƙafafunta, kuɗin ba su da yawa idan aka kwatanta da abin da ake samu, musamman da yake matakin Premium yana zuwa da cikakken maimaicin wasanni kamar yadda aka nuna su a talabijin. Wannan haɗi ne ya fi amfani, domin sai ka kalli hoton talabijin ka samu agogo da benci da sauti, sannan ka koma All-22 ka samu zubi da ƙirga.

Wanda ya samu hotunan wannan wasa, ina roƙonsa kada ya fara da jifan. Ya koma yunƙurin da ya gabace shi, daga yadi 5, ya buɗe hoton ƙarshen fili, ya kafa ido a kan Dont'a Hightower na New England mai lamba 54. Lynch ya nufi hagu, rata ta buɗe, kuma Russell Okung na Seattle ya riga ya kama Hightower. Da kafaɗar da ke da rauni, wadda aka yi wa tiyata bayan kakar, Hightower ya ture Okung, ya faɗa ƙafafun Lynch, Akeem Ayers ya ƙarasa kayar da shi saura yadi 1. Da Okung ya riƙe shi na rabin sakan, da Lynch ya shiga saura kusan minti guda, Seattle tana gaba da maki 3 bayan bugun ƙari, Brady kuma yana da hutu biyu a hannu, kuma da tambayar da ake yi wa Carroll ita ce me ya sa ya bar wa Brady lokaci mai yawa haka.